Daga Allo Zuwa Kwalin Magani: Inda Ibrahim El-Salahi Ke Samo Zanensa

A shekarar 1957 wani saurayi ɗan Sudan mai suna Ibrahim El-Salahi ya dawo Khartum daga Landan, bayan shekara uku a Slade, ɗaya daga cikin manyan makarantun koyon zane na Ingila. Ya goge, babu mai musu. Ya iya fitar da fuskar mutum da kamanninta, ya san yadda haske ke sauka a jikin tulu ko 'ya'yan itace, ya naƙalci lissafin kusa da nesa wanda Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna wasa hannu a kai. Sudan kuwa ba ta daɗe da karɓar mulkin kanta ba, tun watan Janairun 1956, kuma ana ɗokin ganin abin da 'ya'yanta da aka tura karatu waje za su zo da shi. Sai ya shirya baje kolin aikinsa a birnin.

Ranar buɗewa mutane sun hallara. Amma kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari cikin raha bayan ya manyanta, lemon da aka raba ne ya kawo su. Da aka sha aka watse, ba wanda ya sake leƙowa.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce kusan shekara biyu ya yi a tsaye cik, hannunsa ya ƙi tafiya, yana koyarwa a kwalejin zane ta Khartum da rana, yana ta juya tambaya ɗaya a zuciyarsa: me ya sa mutanensa ba su ga komai ba a cikin abin da ya sha wahalar koyowa?

Amsa mai sauƙi tana nan kusa, kuma masu fasaha da yawa ita suke runguma har su tsufa: jama'a ba su waye ba, ba su san darajar zane ba. Mai zane a Kano ko Damagaram da ya taɓa kwana uku yana aiki a kan hoto, sannan aka taya shi kuɗin da bai kai na fenti ba, ya san daɗin wannan amsa. El-Salahi bai karɓe ta ba. Ya lura cewa mutanen nan da suka juya wa zanensa baya ba makafi ba ne ga kyau. Ɗakunansu cike suke da ado: ayoyin Alƙur'ani da aka rubuta da hannu mai kyau an rataye a bango, faifai da kwanduna masu launi, ƙorai masu zane, tabarmin salla, kayan fata. Suna saye, suna yabawa, suna iya bambance gwani da ɗan koyo. Ashe matsalar tana ga yaren da ya zo yana yi musu magana da shi.

An haife shi ran 5 ga Satumban 1930 a Omdurman, birnin da ke fuskantar Khartum ta tsallaken Kogin Nilu. Mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo, irin wadda 'yan Sudan ke kira halwa, kuma a nan yaron ya fara riƙe alƙalami. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayanin wannan wuri: allon katako, tawada, alƙalamin kara, a rubuta a haddace a wanke a sake rubutawa. Har adon da ake yi wa allon ɗalibi idan ya kai wani mataki na karatu, irin zayyanar da ake yi wa mai sauka a ƙasar Hausa, suna da shi, kuma El-Salahi ya sha ambaton wannan ado a matsayin zanen farko da ya buɗe ido ya gani. Daga nan ya shiga boko, ya yi sashen zane na Kwalejin Gordon a Khartum, gwamnati ta ba shi tallafin karatu zuwa Landan a 1954. A can ya zauna da ayyukan magabatan Turai irin su Giotto da Cézanne, ya kuma riƙa zuwa gidan tarihi na Birtaniya yana duba tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na hannu. Wato allon bai taɓa ɓace masa ba. Bai dai ɗauke shi a matsayin abin da mai takardar shaidar Slade zai koma wa ba.

Komawar ta fara ne da ɗan ƙaramin abu. Ya riƙa rubuta 'yan kalmomin Larabci a kusurwar zanensa, ƙanana, kamar kan sarki a jikin ambulan. Sai ya ga mutane sun fara tsayawa, domin sun ga abin da suka sani. Ya faɗaɗa rubutun ya mamaye zanen, suka ƙara matsowa. Daga nan ya yi abin da ya sauya rayuwarsa: ya daina kallon harafi a matsayin abin karantawa, ya shiga warware shi gaɓa-gaɓa don ya ga ƙirarsa.

Duk wanda ya taɓa rubutun allo zai gane abin da ake nufi idan ya tsaya ya dubi haruffan da idon mai sassaƙa. Alif sanda ce a tsaye, ko mutum a tsaye. Nun ƙwarya ce da ɗigo a samanta, ko jinjirin wata da tauraro. Sin haƙora ne, mim kai ne da wutsiya, ha mai ido biyu kuwa kusan fuska ce tana kallonka. Sannan akwai filin da ke tsakanin harafi da harafi, wanda mai karatu ba ya lura da shi amma shi ma yana da siffa. El-Salahi ya ce da ya fara wannan tsinke-tsinke sai siffofi suka riƙa fitowa da kansu, na dabbobi da na mutane da na tsirrai, har ya ji kamar wani ne da bai sani ba yake aiki da hannunsa. A cewarsa daga wannan lokaci ne ya fara aiki na gaskiya, shekarun baya duk share fage ne.

Launukansa ma suka canja. Ya ajiye launukan da ya saba da su a Ingila ya ɗauki na ƙasar da ya taka yana yaro: ja-ja na jar ƙasa, ruwan ƙasa mai duhu, rawaya mai ƙura, baƙi da fari. Wani babban zanensa na farkon shekarun 1960, wanda ya sa wa suna mai nufin sautukan mafarkin ƙuruciya da suka sake haihuwa, a kan damuriya ya yi shi, wato saƙin auduga na hannu da talakan Sudan ke ɗinka tufafi da shi, kuma har da fentin gwangwani mai sheƙi cikin abin da ya yi amfani da shi. Faɗinsa da tsawonsa kowanne ya haura mita biyu da rabi. A cikinsa akwai dogayen halittu masu siraran wuya da zurfafan idanu, ba ka ce mutane ba, ba ka ce aljanu ba, sun cunkushe suna narkewa cikin juna. Yau yana hannun gidan zane na Tate a Landan.

Zancen zana mai rai ba ƙaramin zance ba ne a gidan malamai, kuma malaman Musulunci sun daɗe suna tattauna shi. El-Salahi bai bar zana fuska ba, sai dai fuskokinsa na wannan zamani ba kwafin wani ɗan Adam ba ne, sun fi kama da abin da harafi ya haifa. Shi kuma mutum ne mai riƙo da addini, mai jin daɗin tafarkin sufaye, kuma ya sha faɗa cewa ba ya fara aiki sai ya yi alwala ya yi salla, domin a wurinsa baiwar ba tasa ba ce, ratsowa take yi ta cikinsa. Mai karatu na iya yarda da wannan fahimta ko ya ƙi, amma ba za a fahimci aikinsa ba in an cire ta. Da mahaifinsa ya rasu a 1964, ya yi wani zane da ya kira Sautin Ƙarshe, yana nufin addu'ar da ake yi a kan mai barin duniya. Babu gawa a ciki, babu masu kuka. Akwai wata siffa a tsakiya mai kama da fuska, da jinjirin wata, da tsuntsaye, da gutsattsarin haruffa suna watsuwa zuwa gefe kamar yadda sauti ke bazuwa a iska.

Ba shi kaɗai ke wannan nema ba. Tare da shi a kwalejin akwai Ahmed Shibrain, wanda ya fi shi ma nutsewa cikin harafi zalla, da Kamala Ibrahim Ishaq, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi fice a zanen zamani a Sudan. Su ne aka yi wa laƙabi da Makarantar Khartum. A daidai wannan lokaci kuma, nesa da su ta yamma, wasu ɗalibai a kwalejin fasaha ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, sun kafa ƙungiyarsu a 1958 bisa irin wannan ƙorafi. Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu sun gaji da manhajar da malamansu Turawa suka kwaso daga Ingila, suka ce sai an gauraya dabarun waje da adon gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar yadda El-Salahi ya koma ga allo. Hanyoyin sun haɗu a Ibadan: a farkon shekarun 1960 ƙungiyar marubuta da masu zane ta Mbari, wadda Ulli Beier da Wole Soyinka ke cikin jagororinta, ta baje kolin aikin El-Salahi, ta kuma buga ɗan littafi a kansa. Nijeriya na cikin wuraren farko da aka gane girmansa a wajen ƙasarsa.

Daga nan duniya ta buɗe masa. Ya je Amurka da Kudancin Amurka da tallafin UNESCO a 1962, ya sake komawa Amurka a tsakiyar shekarun, ya jagoranci tawagar Sudan zuwa babban bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966.

Bai kamata a ɗauka cewa komawa ga gado magani ne da ba ya da illa ba. Cikin 'yan shekaru salon Makarantar Khartum ya zama abin yayi, masu kwaikwayo suka yi yawa, har ya zama duk wanda ya watsa 'yan haruffa da jinjirin wata a kan launin ƙasa ya zama mai zanen ƙasa. Matasan masu zane na shekarun 1970 suka fara sukar abin, wasu suna cewa ya zama kayan tsaraba na baƙi, wasu suna cewa ya zama adon da hukuma ke fakewa da shi wajen nuna Sudan mai fuska ɗaya alhali ƙasa ce mai ƙabilu da addinai da yawa. Kamala Ishaq da kanta ta ware ta kafa wata tafiya dabam da ɗalibanta. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Abin da ya fitar da El-Salahi daga wannan tarko shi ne bai zauna inda aka yaba masa ba, ko da yake ba shi ya zaɓi abin da ya tashe shi daga wurin ba.

Kamar yawancin masu zane a Afirka, ba zane ke ciyar da gidansa ba. Ma'aikacin gwamnati ne. Ya yi aiki a sashen al'adu na ofishin jakadancin Sudan a Landan daga ƙarshen shekarun 1960, ya dawo gida aka ba shi jagorancin harkokin al'adu, har ya kai babban jami'i a ma'aikatar al'adu da watsa labarai a zamanin mulkin Janar Jafar Numeiri. Ran 5 ga Satumban 1975, ranar da ya cika shekara 45 cif, wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnati, abin bai yi nasara ba. Bayan 'yan kwanaki aka kama El-Salahi bisa zargin yana da hannu. Aka kai shi kurkukun Kobar da ke Khartum ta Arewa, tsohon gidan yarin da Turawan mulkin mallaka suka gina, ya yi wata shida da 'yan kwanaki ba tare da an kai shi gaban alƙali ba.

Ya ba da labarin zaman dalla-dalla daga baya. Mutum goma a ɗaki ɗaya, bokitin bahaya ɗaya. Cikin fursunonin akwai malaman jami'a da lauyoyi da 'yan siyasa, kuma kowa ya san cewa zargin juyin mulki na iya ƙarewa a gaban bindiga, kamar yadda ya ƙare ga jagororin yunƙurin. Takarda da abin rubutu haramun ne. Wanda aka kama da su sai ɗakin kaɗaici. Amma akan shigo da abinci a naɗe cikin takardar buhun siminti, shi kuma ya sami wani guntun fensir ya ɓoye. Sai ya riƙa yayyaga takardar ƙanana-ƙanana, yadda zai iya rufe guntu da tafin hannu idan gandiroba ya gifta. Ya yi ɗan zane a guntu ɗaya, ya tona rairayi ya binne. Gobe ya ɗauki wani guntun ya ci gaba daga inda na jiya ya tsaya, yana riƙe da sauran hoton a ka.

Zane-zanen da ya binne ba su fito tare da shi ba. Dabarar ce ta fito.

Kafin kurkuku, yana aiki ne kamar yadda aka koya wa kowane ɗalibin zane: a auna faɗin kyalle, a tsara inda komai zai zauna, sannan a cike. Bayan kurkuku ya juya abin. Yakan fara da ƙwaya ɗaya a tsakiyar ƙaramar takarda, wata siffa da shi kansa bai san me za ta zama ba. Idan ta kai bakin takardar tana neman wuri, sai ya jona wata takardar a gefe, ta ci gaba da yaɗuwa, ya sake jona wata a sama ko a ƙasa. Kowane yanki zane ne mai zaman kansa, kuma idan aka haɗa su sai su zama abu guda. Ba ya yanke wa hoto girmansa tun farko, hoton ne ke gaya masa inda zai tsaya. Wannan shi ne tushen kusan duk abin da ya yi a shekaru arba'in da suka biyo baya.

Akwai masu son su mai da irin wannan labari abin sha'awa, su ce wahala ce uwar fasaha. Wannan magana ce ta wanda bai kwana a Kobar ba. Kurkuku ya raba mutumin da aikinsa, ya jefa iyalinsa cikin tashin hankali, a ƙarshe ya raba shi da ƙasarsa, kuma mutane da yawa masu baiwa sun shiga irin wannan wuri sun fito a karye ba su sake yin komai ba. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, El-Salahi ya shiga da hannun da ya shekara fiye da ashirin yana horuwa kullum, da ido da ya saba neman siffa a cikin abin da wasu ke takawa su wuce. Wanda ya ga fuska a cikin harafin ha, ba abin mamaki ba ne ya ga fili a guntun buhun siminti.

An sake shi a watan Maris na 1976 ba tare da wani bayani ba, aka kuma ci gaba da tsare shi a gida. A wannan zama ne ya ɗauki wani ɗan littafin zane ya cika shi da tawada: ƙofofin ƙarfe, tagogi masu sanduna, fuskoki a bayan waya, igiyar rataya, wani tsuntsu da ke yawan dawowa, da rubutun Larabci da ke zagaye hotunan yana shiga cikinsu. Ya yi shi ne don ya amayar da ɗacin da ke cikinsa kada ya kashe shi. Har labarin albasar da fursunoni suka dasa kusa da randar ruwa don su riƙa ganin ɗan kore ya shiga ciki. Littafin yana gidan zanen zamani na MoMA a New York yanzu, kuma an buga shi a 2018 don kowa ya gani.

Ba da daɗewa ba ya bar Sudan ya koma Ƙatar, inda ya yi kimanin shekara ashirin yana aikin gwamnati a fannin watsa labarai da al'adu. A Doha akwai abokinsa marubuci Tayeb Salih, wanda fassarar Ingilishi ta littafinsa na Auren Zain ta fito da zanen El-Salahi a ciki. Shekarun Ƙatar shekaru ne na shiru. Duniyar zane ta kusan mantawa da shi, shi kuma ya ajiye launi kusan gaba ɗaya, ya koma baƙar tawada da farar takarda, kayan da ɗan makarantar allo ya fara da su. Aiki da rana, zane da dare. Ya ɗauki baƙi da fari a matsayin cikakkun launuka, yana fitar da duhu da haske ta hanyar jera siraran layuka dubbai kusa da juna, aikin da ke cin haƙuri fiye da yadda yake cin fenti.

Mafi girman abin da ya fito daga wannan zamani shi ne zanen da ya kira Abin da Ba Makawa, wanda ya yi tsakanin 1984 da 1985. Yanki tara ne aka jera uku-uku, tsayinsu a haɗe ya haura mita biyar, kuma da dabarar nan ta Kobar aka gina shi. Jama'a ne a cunkushe, hannuwa a ɗage an dunƙule, jikuna sun sarƙe da wasu abubuwa masu kama da ƙarafan inji, ana turawa gaba. A watan Afrilun 1985 mutanen Khartum suka fito kan titi, gwamnatin Numeiri ta faɗi. Zanen yana gidan adana zane na Jami'ar Cornell a Amurka.

A 1998 ya tattara ya koma Oxford a Ingila da zama, yana dab da shekara saba'in, lokacin da sa'o'insa ke ajiye aiki. Koren ƙasar Ingila ya dawo masa da sha'awar launi, amma bishiyar da ta mamaye aikinsa ba ta Ingila ba ce. Ita ce wadda 'yan Sudan ke kira haraza, mu kuma muke kira gawo.

Manomin ƙasar Hausa ya fi kowane masanin zane sanin halin gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado da ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya tsaya tsirara kamar busasshe. Da rani, bayan kowa ya bushe, sai ya yi kore shar ya zuba 'ya'yan da awaki da tumaki ke rububi. Shi ya sa ake barinsa a tsakiyar gona: ba ya tare wa gero rana, ganyensa kuma taki ne. 'Yan Sudan suna da tatsuniya cewa bishiyar ta yi faɗa ne da ruwan sama, shi ya sa ba sa shiri har yau. El-Salahi ya ga mutum a cikin wannan hali, mai tsayawa a kan ra'ayinsa ko kowa ya bi wata hanya, kuma ya shekara da shekaru yana zana ta. Sai dai wanda ya je neman hoton gawo da rassa da ƙaya zai sha mamaki. A yawancin zanen, bishiyar ta koma layi ɗaya miƙaƙƙe daga ƙasa zuwa sama, da layuka masu launi a gicciye an ja su da ma'auni, tsaf-tsaf, wani lokaci ta yi kama da allo mai kafaɗa, wani lokaci da mutum a tsaye cikin salla. Mutumin da ya fara da ganin halittu a cikin alif ya zo yana mai da bishiya alif.

Girmamawa ta zo a makare. An ba shi lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan a 2001. Wani malamin jami'a ɗan Sudan, Salah Hassan, ya yi shekaru yana bin sawun ayyukansa da suka warwatse a ƙasashe, ya haɗa fiye da ɗari aka baje su a Sharja a 2012, sannan Doha, sannan a watan Yulin 2013 suka isa Tate Modern a Landan. Shi ne ɗan Afirka na farko da wannan gida ya ware wa baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya, yana da shekara 82. Wannan ya fi nuna jinkirin gidajen zanen Turai fiye da yadda yake nuna wani sabon abu game da shi, domin mafi yawan abin da aka rataye ya girmi wasu daga cikin ma'aikatan gidan. A 2017, da gwamnatin Amurka ta hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi bakwai shiga ƙasar, har da Sudan, MoMA ta sauke wasu zanen Turawa daga bangonta ta rataye na 'yan waɗannan ƙasashe don nuna rashin amincewa. Cikinsu akwai Masallaci, wani ɗan zane da El-Salahi ya yi a 1964.

Tsufa ya zo da nasa. Ciwon baya da na jijiyar ƙafa suka hana shi tsayuwa gaban babban kyalle, har zuwa ɗakin aikinsa ya zama wahala. Daga wajen 2016 yawancin yininsa a kujera yake yinsa, ga magungunan kashe zafi a gefe. Sai ya fara warware kwalayen maganin da ya shanye, ya juya cikinsu mara rubutu, ya ɗauki alƙalami. Lanƙwasar kwalin da 'yan kunnuwansa da ake liƙewa su suke ba shi iyakar hoton, wani lokaci su suke ba shi shawarar abin da zai zama: nan fuska mai dogon hanci, can tsuntsu, can wata bishiya. Idan kwali ya ƙare sai ambulan ɗin wasiƙa. Ya ce idan ya nutse cikin zanen yakan manta da ciwon na ɗan lokaci, don haka ya kira su zanen rage zafi, kuma sun kai ɗaruruwa.

Da yake yana ɗaukar kowane ɗan zane a matsayin ƙwayar babban hoto, sai aka samo hanyar da za a cika masa burinsa ba tare da ya tashi tsaye ba: masu buga hoto suna ɗaukar zanen kwalin su faɗaɗa shi, su buga a kan babban kyalle ta hanyar tace tawada a rariyar siliki, shi yana duba aikin yana amincewa ko ya ce a sake. An nuna irin waɗannan a Landan a 2019. Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, shi dama a kulle yake, sai ya ci gaba da wani sabon jeri a kan kwalayen, yawancinsu fuskoki. A 2022 aka kai su babban bikin zane na birnin Venice a Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara biyu kuma masu zanen duniya ke kokawar samun gurbi a cikinsa, aka jera su tare da ayyukan mutanen da wasunsu jikokinsa ne a shekaru. A ƙarshen wannan shekarar wata cibiyar zane a New York ta sake baje fiye da ɗari daga cikin na kwalin maganin, lokacin yana da shekara 92.